Ajiyata a Kwandon Kwamfuta

Ranar da babbar 'yata ta ce za a ƙara wa kwamfutar gidanmu ƙarfi, sau biyu na zuba gishiri a miyar agushi. Ni da aka haifa a kan gishiri, aka yaye ni a kansa, ban taɓa irin wannan kuskure ba sai ranar. Maigidan ya kai loma ɗaya, ya dube ni ya ce, "Yau kuma Awe kika tuna?" Dariya kawai na yi. Ba zan iya ce masa murna ce ta ɗauke mini hankali ba, don sai ya tambaye ni me ya haɗa ni da kwamfuta har haka.

Laftof ce baƙa mai nauyi, maigida ne ya saya wa yarinyar lokacin da take karatun jinya. Da ta gama ta kama aiki, sai ta sayi wata 'yar siririya, ta bar mana tsohuwar a gida nan Azuba, gefen Lafiya. Ƙannenta suka ɗura mata abin da suka ga dama: finafinai, wasan ƙwallo, bidiyon duk bikin da aka yi a dangi, har da na mutanen da ba mu sani ba. In na kunna ta, sai in je in ɗora ruwa, in tsince shinkafa, in wanke, in dawo in tarar da ɗan zoben nan yana ta juyawa a fuskarta. Yaran suna zaginta, suna bubbuga ta. Ni ban taɓa bugunta ba. Ina da haƙurin jiran abu, kuma ina da dalilin lallaɓa ta, don ajiyata tana cikinta, ba wanda ya sani.

Bari in faɗi yadda aka yi.

A Awe na tashi. Innata mai dafa gishiri ce, haka ma uwarta. In rani ya kama, tun da sassafe muke fita fadama mu kankare ƙasar da ta yi fari-fari, mu zuba a tukwane masu huda a gindi, mu kwarara ruwan gishiri a kai ya riƙa tsiyaya a hankali. Abin da ya taru shi ake dafawa har ya kama jikinsa. Ba a yi mini maganar makaranta ba, ni ma ban tambaya ba. Sai da na yi aure na zo Lafiya, na haifi biyar, na yaye auta, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata da yamma a wata firamare kusa da mu. Shekara uku na yi. A ta ƙarshe malamarmu takan zo da tata kwamfutar, ta sa mu layi, kowace ta danna sunanta da yatsa ɗaya. Ranar da na ga sunana ya fito a gilashi, a miƙe sumul, babu karkata irin ta hannuna, wallahi ban so tashi daga kujerar nan ba.

Karatun nawa dai tafiyar hawainiya ne. Wata rana aka kawo katin ɗaurin aure, na ce a ba ni in karanta. Na ɗora yatsa ina bi, kafin in fito da kalma ɗaya yara sun ƙarasa mini uku. Babbar ce ta fara dariya, ta ce, "Mama, kafin ki gama an kai amarya." Ba da mugunta ta faɗa ba, ni ma na taya su dariyar. Amma daga ranar ban sake karatu a gaban kowa ba. Ga shi kuma 'yar fari ce. A yadda aka rene mu, uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari, ko sunanta ba na kamawa. Ina zan iya zama in ce mata zo ki ga abin da nake rubutawa?

Don rubutu nake yi. Bayan rasuwar Inna na lura babu wanda ya rage a ɗakinmu da ya san aikin gishiri daga farko har ƙarshe sai ni, ni ɗin ma na fara mantuwa. Sai na riƙa jira kowa ya fita, maigida kasuwa, yara makaranta. In akwai wuta in kunna kwamfutar da hantsi, in zauna da yatsuna biyu. Na rubuta yadda ake gane ƙasar da ta nuna, da yadda Inna take ɗanɗana ruwa a bakin harshe ta ce a ƙara ko ya isa. Na rubuta irin itacen da ba a sakawa a murhu don hayaƙinsa yana dishe farin gishiri, har da habaicin da mata suke yi wa wadda ta ƙona nata. Kowane shafi na ba shi lamba, ɗaya, biyu, uku, cikin shekara biyu na kai sittin da ɗaya.

Inda zan ɓoye su ne ya dame ni, tunda kwamfutar ta kowa ce. Wata rana hannuna ya kuskure, shafin da na yi kwana uku a kansa ya ɓace. Na tari malamarmu a hanya na tambaye ta, kamar ba ni abin ya faru da ni ba. Ta ce ai abin da aka share ba ya tafiya nan take, wani ɗan kwandon shara yake faɗawa, yana nan a kusurwar fuskar kwamfuta, sai a buɗe a ce ya dawo. Na je na gwada, sai ga shafina. Na ƙare wa cikin kwandon kallo. Tsofaffin finafinan da yara suka gaji da su ne jibge, babu mai waiwayarsu.

Nan dabarar Inna ta faɗo mini. Ita 'yan kunnenta na zinariya ba a akwati take ajiye su ba. A tsumma take ƙulle su, ta tura ƙasan tukunyar toka a bayan murhu. Takan ce ɓarawo yana fasa akwati, amma ba ya tona toka. To ni ma daga ranar, in na gama rubutu sai in jefa shafin a kwando da gangan. In ina son sa in fito da shi, in ƙara abin da zan ƙara, in mayar. Ina ta yaba wa kaina wayo.

Sai kwamfutar ta fara gardama. Na rubuta shafi guda a kan yadda ake ɗaure gishiri a kai kasuwa, na ce ta ajiye, ta fito da wata doguwar magana da Turanci, ta ƙi. Ina nan ina lallashi aka ɗauke wuta, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa, shafin ya bi wutar. Da babbar ta zo gida ƙarshen mako, na ce mata a hankali, ina kallon wani wuri, "Abin nan naki fa ya yi nauyi."

Ta duba ta ce cikinta ne ya cika maƙil, ƙwaƙwalwarta kuma ta yi kaɗan. "Ba sai an sayi sabuwa ba, Mama. Ram za a ƙara mata, a canza mata ma'ajiya, za ki ga ta koma kamar sabuwa. Asabar mai zuwa sai mu kai ta. Wai me kike yi da ita ma?"

Na ce wa'azi nake saurare. Gaskiya ce, ina saurare, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Tambaya ɗaya na yi mata: duk abin da ke cikin tsohuwar ma'ajiyar zai koma sabuwa? Ta ce ko tsinke ba za a bari ba. Hankalina ya kwanta. A ranar ce na ɓata miya.

Makon nan ban zauna wuri ɗaya ba. Ina wanki ina tsara abin da zan rubuta in ta yi sauri, ina daka ina tsarawa. Har maƙwabciyata mai sayar da manja sai da na gaya wa. Ta riƙe baki ta ce, "Kwamfuta ma yana zuwa asibiti? To Allah ya ba shi lafiya, Mama." Na goge laftof ɗin da tsumma mai laushi, na naɗa auduga a tsinken tsintsiya na bi tsakanin maɓallanta ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar na naɗe ta a sabon zane, na ɗauko mayafina na zuwa suna.

"Mama, shagon gyara fa za mu, ba gidan biki ba," in ji yarinyar.

Na ce, "Ke dai mu tafi."

Muka hau keke zuwa cikin gari. Zafin Lafiya ba ya jiran azahar, tun ƙarfe tara ya fara aikinsa. Motocin doya sun tare rabin hanya, mai keken yana ta kutsawa, ni kuma na rungume kwamfutar a ƙirji kamar jaririn da za a kai rigakafi. Duk ramin da na hango sai in ɗaga ta sama.

Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin mai sayar da waya da wani tela, janareta yana ta ruri a bakin ƙofa. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. 'Yata ta riga ta gaya mini cewa a da can agogo da rediyo yake gyarawa, kakansa ne ya zo daga Kano da fatauci, shi kuma da zamani ya juya sai ya juya tare da shi. Kowa Injiniya yake ce masa.

"Hajiya, sannu da zuwa. Wannan naɗi haka, amarya aka kawo mini?"

"Ba ta je hajji ba tukuna, Baba," in ji 'yata.

"To na yi mata fata, Allah ya kira ta bana. Kawo mara lafiyar mu gani."

Ya warware zanen, ya jona ta da wuta, ya kunna. Muka zauna. Zoben ya fara juyawa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya amsa gaisuwar tela, ya dawo, zoben yana nan.

"'Yar nan," ya ce da 'yata, "wannan in aka aike ta kiran ungozoma, sai an yi suna za ta dawo."

Kafin ta gama farkawa ya buɗe durowa ya fito da kayan da za a sa mata. Ni a raina wani ƙaton abu nake jira, mai waya-waya. Sai ga wani ɗan kore siriri, bai fi rabin matajin kai ba, da haƙora masu ruwan zinariya a gefe ɗaya. Ya ce shi ne ram. Ɗayan kuma baƙi ne shafal, kamar sabulun da ya kusa ƙarewa, ya ce sunansa es-es-di, shi ne sabuwar ma'ajiyar.

Ban san lokacin da na ce, "Wannan ɗan abin ne duka?" ba.

Ya yi dariya. Ya ce ram shi ne filin da kwamfuta take baza aikin da take yi yanzu-yanzu. Da giga ake auna shi, nata huɗu ne, akwai gurbi ɗaya a cikinta babu kowa, zai sa wannan ya zama takwas. Ma'ajiya kuwa inda kaya suke kwana ne. Tsohuwar faifai ce mai juyawa, sai ta zagaya ta nemo abu, sabuwar ba ta da abin da ke motsi, kuma ta ninka ta ɗaukar kaya.

Na juya maganar a raina, sannan na ce a hankali, "Wato kaskon dahuwa ne ya yi ƙanƙanta, ɗakin ajiya kuma ya cika."

Ya buga tebur. "Shi ke nan! Wallahi Hajiya, akwai masu digiri da na yi wa bayanin nan sau uku." Na ji daɗi har cikin ƙashina, na sunkuyar da kai kada a gani.

Ya ce kafin ya buɗe cikinta, sai ya fara kwashe kayan tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwa ta wata 'yar waya. Ya jona, ya shiga dube-dube, sai ya yi tsaki.

"Kai, yaran zamani! Dubi kwandon sharar nan, ya fi wani gidan kaya. Sun iya jefawa, ba su iya zubarwa ba. Ba a tarewa a sabon gida da sharar tsoho. Bari mu zubar da ita tukuna, aikin ya yi sauƙi."

"Zubar, Baba," in ji 'yata, idonta a kan wayarta.

Na ga kibiyar ta tafi kusurwa, ta tsaya a kan kwandona.

A nan ne ragowar labarin tukunyar toka ya dawo mini, wanda shekara biyu ban tuna ba ko sau ɗaya. Lokacin da Inna ta haifi ƙanena, gwaggonmu ta zo taya aiki. Mace ce mai tsabta, ba ta ganin datti ta wuce. Ta share madafa tas, ta ɗauki tukunyar toka ta juye a juji. Yini guda muka yi da rariya muna tankaɗe juji, ni da yayata. Ɗan kunne ɗaya muka samu.

Na ce, "Injiniya." Ni kaina da kyar na ji muryata. Dama can ba ni da murya, ga janareta.

Ya danna. Zoben ya fito yana juyawa. Na san abin da ke biye, don na taɓa ganin yara suna share abu: wani ɗan akwati zai fito da tambaya da amsa biyu, a danna ɗaya, shi ke nan. Yatsansa yana sama yana jira. In na yi shiru, shafi sittin da ɗaya sun tafi juji, kuma wannan jujin ba ni da rariyarsa. In na yi magana, ga 'yar fari a tsaye, ga baƙon namiji, sai an buɗe an gani. Zoben ya juya, ya sake juyawa. Ban taɓa gode wa nawar kwamfutar nan ba sai ranar. Ta ba ni lokacin da zan sake cewa, "Injiniya, dakata," a sake kasa ji na, in miƙe tsaye.

Na miƙa hannu na kifa murfinta, kamar yadda ake rufe tukunyar da za ta zube.

Duka biyun suka ɗago.

"Hajiya, lafiya?"

"Akwai ajiyata a ciki."

"A kwamfutar? Ai na ce miki duk za su koma, kada ki damu."

"A kwandon."

'Yata ta sauke wayarta. "Mama, shara ce fa a wurin. Abin da aka yar."

Na ce, "Na sani. Shi ya sa."

Injiniya bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ɗaga murfin a hankali. Sai da muka sake jira ta farka, sai ga ɗan akwatin nan da tambayarsa, ya iso yana jiran amsa. Ya danna a'a. Ya buɗe kwandon, ya tura finafinan gefe, sai ga lambobina a jere. Ya bi su da yatsa daga ƙasa zuwa sama, ya tsaya.

"Daga huɗu suka fara, Hajiya. Haka kika sa?"

Na ce daga ɗaya na fara.

Ya girgiza kai. Ya ce shi kwandon nan in ya cika, da kansa yake zubar da na ƙasa don ya karɓi na sama, ba ya tambayar kowa. Finafinan da yara suke jefawa su suka ture uku na farko. Da an ƙara wata biyu a haka, da abin ya fi haka. Na zauna a kan benci. Na ji zafin ukun nan, ba zan ɓoye ba. Amma da na dubi hamsin da takwas a jere, lafiyarsu ƙalau, sai na ji kamar ranar da yayata ta ɗago rariya ta yi ihu.

Ya fito da su duka, ya buɗe musu jaka tasu a tsakiyar fuskar kwamfutar, ya ce wane suna za a sa mata. Na ce Gishirin Inna. Sai ya juyo mini da laftof ɗin. "Mai kaya ita ke sa wa kayanta alama." Na rubuta da yatsuna biyu, a gabansu. Babu wanda ya ƙarasa mini.

"In duba?" in ji 'yata.

Na shiga gyaran bakin mayafi. Injiniya ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba a durowa. Ta buɗe na sha bakwai, wanda na rubuta a kan shekarar da ruwa ya sauko da wuri ya wanke mana ƙasar da muka tara, Inna ta zauna a bakin fadama tana dariya don kada mu yi kuka. A tsaye ta karanta, har ƙasa. Ta koma sama ta sake.

"Mama, ke kika rubuta wannan?"

"A'a, ni ne," in ji Injiniya daga cikin durowa.

Muka yi dariya mu uku, dariyar ta taimake ni ƙwarai.

Kwashe kayan ya ɗauki lokaci. Muka sayi gasasshiyar doya da manja a tsallaken titi, muka ci a bencin shagon, har na ba su labarin gwaggo da tukunyar toka. 'Yata ta ce ita ba ta taɓa jin sa ba. Na ce ba ki tambaya ba. Ta ce ai ba kya ba da fuska. Na ce haka aka rene mu. Injiniya ya ce a ci doya.

Bayan azahar ya kife laftof ɗin, ya ɗauko siririn sukundireba. Nan na ga hannun mai agogo. Kowace ƙusa ya kwance sai ya ajiye ta a murfin kwalba, a jere yadda ta fito. Ya ɗaga bayan, sai ga cikinta, kore da baƙi, da ƙurar shekaru ta yi gashi a jikin wata 'yar fanka. Ni da na yini ina goge waje! Ya busa, ya share da buroshi. Ya nuna mini gurbin da babu kowa, kusa da ɗan'uwansa. Ya riƙe ram ɗin ta gefe-gefe, bai taɓa haƙoran ba, ya zura shi a karkace, ya danna. Ya yi ƙas, ƙaramar ƙara mai daɗi. Na ce, "Ya zauna?" Ya ce, "Ya zauna daram." Sannan ya zare tsohuwar ma'ajiyar, ya sa sabuwar a wurinta, ya mayar da ƙusoshi.

Tsohuwar ya naɗe ta a takarda ya miƙo mini. "Duk kayanki suna nan ciki ma, ko da wani abu zai faru. Ki adana. Amma don Allah, Hajiya, ban da toka."

Ya juyo da laftof ɗin wajena ya ce ni zan kunna. Na yi bismillah, na danna, na ja baya zan gyara zama irin na mai jira. Ban gama jan mayafi ba ta farka. Ga fuskarta tar, ga jakata a tsakiya.

Na ce, "Kai!" da ƙarfin da tela ya leƙo.

Na ce a kashe a sake. Aka kashe, na kunna, na fara ƙirge, ban kai sha biyar ba. Na ce a sake. 'Yata ta ce, "Mama, za ki ƙarar wa Baba da mai a janareta." Ya ce a bar ni, ai ranar tawa ce. Na taɓa jakar, ta buɗe kafin in ɗauke yatsa. Na taɓa shafi, ya fito. Na buɗe uku a lokaci guda don in ga ko za ta yi gardama, ko a jikinta. Ina ta murmushi kamar wadda aka yi wa kyautar zane, na kasa rufe baki. Sai can wani tunani ya zo mini: da haka take da sauri da safe, da ɗan akwatin nan ya zo ya wuce kafin in buɗe baki.

A keke, da za mu koma, ita ta karɓi kwamfutar ta rungume. Na lura tana ɗaga ta in an zo rami.

Mun isa gida da la'asar, ƙannenta ba su dawo daga islamiyya ba. Ta ajiye laftof ɗin a tabarma a inuwar mangwaro, ta jawo waya ta taga ta jona, ta zauna a gefena, kusa fiye da yadda muka saba.

"Me ke cikin na ɗaya?"

Na ce ranar da Inna ta fara ɗiga mini ruwan gishiri a harshe ta ce in faɗa mata ko ya isa. Na ce ya isa, ta ce ƙarya nake, tsoron ɗaci ne.

"Za ki sake rubuta shi?"

"In Allah ya so."

Ta buɗe na huɗu, ta turo mini. "Karanta mini wannan. Da bakinki nake so."

Na so in ce idona yana ciwo. Sai na ɗora yatsa a gilashin na fara, a hankali, yadda na iya. Layi na uku akwai wata doguwar kalma da ni na rubuta ta amma sai da ta tsayar da ni. Ta gefen ido na ga leɓenta ya motsa. Ta kama shi da haƙori, ta jira. Na fito da kalmar, na wuce. Har ƙarshen shafin na kai, ta ce saura na biyar, na ce shinkafa ba za ta dafa kanta ba.

Ranar Litinin da hantsi, kowa ya fita, akwai wuta. Na kunna ta, na miƙe zan je in ɗora ruwa kamar kullum. Ban kai ƙofa ba na waiwaya, sai na ga ta riga ta farka, ita ce yau take jirana. Na dawo na zauna, na buɗe sabon shafi a cikin jakar, na sa masa lamba ɗaya. Ranar sai da yara suka dawo suka tarar ban ɗora tukunya ba.